Ɗakin da Na Rufa Ba Azara a Mandera

Ku 'ya'yana kun taso kun tarar ana ce mini Ɗan Masar, kuma na san kowannenku ya ji nasa labarin yadda sunan ya samo asali. Wasu sun gaya muku korata aka yi daga makaranta a Alƙahira. Wasu sun ce kaburburan Fir'aunoni na shiga wani abu ya taɓa ni, na dawo ba na son komai sai laka. Hadiza ta taɓa dawowa gida tana kuka don an ce mata ubanta ya gina wa gumaka ɗaki a Mandera. A lokacin ban ce uffan ba, domin kakanku yana raye, kuma labarin nasa ne kamar yadda yake nawa. Yanzu da Allah ya yi masa rasuwa, bari in rubuta muku yadda aka yi.

Kakanku Malam Sidi malami ne a Danchadi, kuma ba ƙaramin malami ba. Magidanta masu furfura sukan taso tun daga Bodinga su zauna a zaurensa da hantsi suna ɗaukar karatu. Da hanya ta samu ta in tafi Masar, shi ya fi kowa murna, don burinsa in dawo in zauna a kan buzunsa. Na yi shekara uku ina karatu, ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma babu wanda ya kore ni. Wannan ku riƙe shi tun yanzu.

A hutun shekara ta uku wani abokin karatuna ya gayyace ni garinsu, can kudu, wani ƙauye a yammacin Kogin Nilu daura da Luksor. Mahaifinsa, Amm Sabir, magini ne, tsoho ɗan siriri mai tafin hannu kamar busasshiyar fata. Shi ya zaga da ni wuraren mutanen dā. Kafin nan na ga dala a Giza, na yi mamakin girmanta na wuce. A kudu ne abin ya shige ni. Na shiga wani ɗakin bautarsu mai ginshiƙan dutse waɗanda mutum da yawa sai sun haɗa hannu kafin su zagaye ɗaya. Kana shiga da faɗi da haske, kana ƙara gaba rufin yana sauka, hasken yana raguwa, har ka kai wani ɗan ƙaramin ɗaki mai duhu inda suke ajiye gunkin, wanda babu mai shigarsa sai sarki da manyan masu yi masa hidima. Na tsaya a bakin ɗakin nan ina neman tsari a zuciyata, amma idona ya kasa barin yadda aka haɗa dutse da dutse. Amm Sabir ya kai ni kaburbura a cikin duwatsu, inda aka zana gonaki da shanu da masu girbi a jikin bango, launin kamar jiya aka shafa. Ya ce sun yi imani mamaci zai tashi ya ci gaba da rayuwa, shi ya sa suke busar da gawa su naɗe ta, su ajiye mata abinci da kayan aiki, su gina mata gida da dutse, alhali gidajen da suke kwana a ciki na ƙasa ne irin namu.

Ran nan da muka fito daga wani rusasshen ɗakin bauta, sai ya ja ni bayansa, inda masu yawon buɗe ido ba su cika zuwa ba. Na ga dogayen ɗakuna jere, na bulon ƙasa zalla, rufinsu a lanƙwashe kamar an kifa kwale-kwale. Na ɗaga kai ina neman itacen da ya riƙe rufin, ban gani ba. Babu azara, babu ko sanda. Na tambaye shi shekarun ginin, ya ce tare aka yi su da ɗakin bautar, shekaru dubbai ke nan.

"Dutsen can na sarakuna ne da matattu," in ji shi. "Wannan kuwa na masu rai ne. Hatsi suke zubawa a ciki. Har yau haka nake rufa ɗaki, haka ubana ya rufa."

A nan tsaye tunanina ya koma zauren Baba. Kowace 'yan shekaru sai gara ta cinye azararsa an sauke rufin. Giginya kuma ta fara ƙarewa a wajenmu, sai an yi tafiya mai nisa kafin a samu mai kyau. Masu hali sun koma kwano, wanda da bazara yake mayar da ɗaki tanda, da damina kuma iska ta yaye shi. Ga shi nan a gabana an rufa ɗaki da ƙasar da muke takawa. Na roƙi Amm Sabir ya bar ni in bi shi aiki sauran hutun. Hutu ya ƙare ban ƙware ba. Na ce in ƙara wata guda. Watan ya zama shekara da wani abu, jarrabawar ƙarshe ta wuce ni, gurbina a makaranta ya tafi. Ba ruɗe ni aka yi ba, ina sane na zaɓa. Na rubuta wa Baba wasiƙa na faɗa masa komai, bai ba ni amsa ba.

Na iso Danchadi bayan an gama girbi. Na durƙusa a ƙofar zaure gaban ɗalibai na gaishe shi. Ya amsa gaisuwar cikakkiya, ya tambayi hanya, sannan ya ce in nuna masa takardar da na je nema. Na ce babu. Ya dubi hannuwana da suka yi kanta, ya daɗe yana dubansu.

"Na aike ka ka ɗebo ilimin Annabawa," ya ce, "kad dawo min da ginin Fir'auna. Tashi ka shiga ka gai da uwarka."

Daga ranar bai sake yi mini magana ba sai amsa sallama. A gida ɗaya muke, a sahu ɗaya muke salla, amma idan na miƙa masa buta sai ya sa ƙanena Aliyu ya karɓa. Ban taɓa jin abu mai nauyi irin wannan shirun ba. Inna ce ta ga ina ramewa. Wata safiya tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta dube ni ba, in tafi Mandera wurin yayanta Kawu Garba, wanda shi ma magini ne, in nuna masa abin da na koyo. Ta ce in dai abin kirki ne Kawu zai gane, in kuma shirme ne shi zai fi kowa saurin gaya mini.

Kawu Garba mutum ne mai faɗa da dariya a lokaci guda. Shi ya yi yawancin sorayen Mandera, har garin Dandin Mahe ana kiransa aiki. Na zana masa abin a ƙasa da tsinke. Na ce za a fara tayar da bango mai kauri a ƙarshen ɗaki, a zana bakan rufin a jikinsa, sannan a riƙa jera bulo sirara a kishingiɗe, layin farko ya jingina da bangon, na biyu ya jingina da na farko, haka har a kai ƙofa. Ya saurara har na gama, ya goge zanen da ƙafarsa, ya tambaye ni sau nawa aka yi ruwan sama a shekarar da na yi a garin Amm Sabir. Na ce ban ga an yi ba ko sau ɗaya.

"To ka gani," ya ce. "Su ba su da damina. Nan ruwan Agusta in yas samu wanga rufi naka tsirara, kwana ukku ya ishe shi shi maishe shi kunu."

Gaskiya ya faɗa, kuma ban taɓa tunanin haka ba. Na yi kwanaki ina ganin na watsar da karatuna a banza. Kawu ne da kansa ya zo ya same ni a gindin bishiyar bedi da nasa tsinken. Ya ce a cike kafaɗun rufin da ƙasa har saman ya kusa daidaita kamar na soro, a karkata shi gefe guda, a sa indararo, a shafe shi da makuba, shafen nan na ɓawon ɗorawa, yadda yake yi wa nasa gine-ginen. Ya ce cikin ɗakin na mutanen Masar ne, bayansa kuwa namu ne. Ya ba ni fili a bayan gidansa, inda ya daɗe yana son ɗakin ajiyar gero da albasa.

Mun yi rani muna aiki, ni da shi da 'ya'yansa biyu magidanta. Bulon farko da muka buga ya tsattsage, don ƙasar Mandera ta fi ta bakin Nilu yashi, sai da muka ɗebo laka daga fadama muka ƙara ƙaiƙayi. Layin farko na rufin ya zubo mini a ƙafa sau biyu. A karo na uku ya kama. Ba zan manta da fuskar Kawu ba ranar da ya ga bulo yana rataye a sama ba abin da ya tokare shi, ya sa hannu ya tura, ya ƙi motsi. Sai ya tuɓe rigarsa ya hau ya ce in miƙo masa laka.

Kafin mu kai rabi magana ta cika gari. Ni na jawo wa kaina, don da aka tambaye ni inda na ga irin ginin ban ɓoye ba, na ce a bayan ɗakin bautar mutanen Fir'auna. Kafin mako ya zagayo an ce kabari nake ginawa. Aka ce na zo da wani ɗan gunki a jakata zan binne a ƙarƙashin daɓe. Mata suka hana 'ya'yansu bi ta bayan gidan Kawu. Wani dattijo da muke salla kafaɗa da kafaɗa ya riƙa matsawa idan na tsaya kusa da shi. Labarin ya kai Danchadi, aka ce Baba da ya ji sai ya rufe littafi ya sallami ɗalibai ranar. Da muka gama, maigari ya aiko cewa kada kowa ya shiga ɗakin, domin ko ba gunki, rufin da ba itace zai kashe mutane.

Kawu ya je ya roƙi maigari ya zo da dattawa su gani da idonsu. Suka zo ranar wata Alhamis da hantsi, rabin gari na biye da su. Aka fara bincike, aka tona daɓen a kusurwa huɗu, aka zazzage jakata a gaban kowa, ba a sami komai ba sai tufafi da littattafaina na fiƙihu. Sannan Kawu ya sa aka kafa tsani aka riƙa hawa da buhunan gero ana jerawa a kan rufin har ya cika, ya ce ƙarti su hau su tsaya a kan buhunan. Da farko babu wanda ya yarda. Na ga in ba a yi wani abu ba taron zai watse a haka, sai na ɗauki tabarma na shiga ɗakin na shimfiɗa a tsakiya na zauna, na ce su hau. Ina jin takunsu a saman kaina ɗaya bayan ɗaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, na ji tsoro, ina ta salati, ina kallon layin da ya taɓa zubo mini. Can sai ƙofa ta yi duhu, Kawu ya shigo ya zauna kusa da ni, ya ciro goro ya ɓara ya miƙo mini rabi.

"In za shi hwaɗi, shi hwaɗa muna mu biyu," ya ce. "Ni ma da hannuna ciki."

Suka yi tsalle, suka yi rawa a sama, ko ƙura ba ta zubo ba. Da muka fito maigari ya shiga da kansa, ya daɗe, ya fito yana cewa ai ciki sanyi kamar randa. Wasu suka yi mini barka. Wasu suka ce a bari damina ta zo tukuna.

Damina ta zo da ƙarfinta. Wata rana bayan la'asar hadari ya haɗo daga gabas da iskar da tsofaffi suka ce sun daɗe ba su ga irinta ba. Kwanon gidaje ya riƙa tashi kamar takarda. Makwabtan Kawu da rufinsu ya yaye suka kwaso yara da tsofaffi a guje, ba su sami wurin fakewa ba sai ɗakin nan da suke kira kabari. Har dattijon da yake gudun kafaɗata a masallaci yana ciki, jikarsa a kan cinyarsa. Muka zauna a kan buhunan gero muna jin ruwa yana zuba ta indararo, ko ɗigo bai sauko mana ba. Aka yi kwana uku ana ruwa, makubar Kawu ta riƙe. Wannan iskar ce kuma ta bi ta Danchadi, azara biyu da gara ta riga ta ci suka karye a zauren Baba, ruwa ya jiƙa masa littattafan da ya gada daga mahaifinsa.

Bayan kamar mako biyu ina kwaɓa ƙasa sai aka ce mini ga Malam Sidi ya sauka daga motar kasuwa. Na wanke hannu da sauri na je na durƙusa. Ya amsa, ya ce wa Kawu a nuna masa ɗakin. Ya tuɓe takalmi ya shiga, ya bi bango da tafin hannu, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a kan buhu ya ce in shigo. Wannan ce maganar farko da ya yi mini a cikin wata takwas.

Ya tambaye ni me mutanen da suka fara wannan gini suke bauta wa. Na gaya masa iyakar abin da na gani da abin da aka faɗa mini. Na ce suna bauta wa rana, da wasu gumaka masu jikin mutum da kan tsuntsu ko na dabba. Na ce sun yarda akwai tashi bayan mutuwa, har na ga an zana a bango ana ɗora zuciyar mamaci a kan ma'auni, a ɗaya gefen an sa gashin tsuntsu, idan zuciyar ta yi nauyi da zunubi ya halaka. Baba ya sa na maimaita masa wannan. Ya girgiza kai, na ga tausayi a fuskarsa.

"Sun san akwai hisabi," ya ce, "sunka ɓace ma Mai hisabin."

Sai ya koma kan ginin, ya yi mini tambayoyi irin na alƙali. Akwai abin da ake karanta wa bulon? Na ce babu. Akwai yanka da ake yi kafin a fara? Na ce babu. Wanda ya koya mini yana salla? Na ce Amm Sabir ba ya ɗora bulon farko sai da bisimilla, kuma shi yake tashina da asuba. Ya tambayi abin da ke cikin bulon, na ce ƙasa da ruwa da ƙaiƙayi. Ya juya ga Kawu da dattawan da suka taru a ƙofa, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ƙasa ta Allah ta, dabara kuma baiwatai ta, shina ba wanda yas so. Kahircinsu ya bi su kabari, bai shiga cikin tubali ba. Kowas sake ce ma wanga ɗaki na gunki, shi taho shi same ni da hujja."

Babu wanda ya je. Amma kada ku ɗauka komai ya koma yadda yake. A hanyarmu ta zuwa bakin titi ya gaya mini cewa ginin halal ne, barin karatun da na yi ba da izininsa ba kuwa laifi ne, kuma yana nan a matsayin laifi. Ya ce ya riga ya yanke Aliyu ne zai gaje shi a zaure, ba zai sauya ba. Na ji zafin wannan har cikin ƙashina, kuma har yau idan na ga baffanku Aliyu a kan buzun nan ana ɗaukar karatu a gabansa, wani abu yakan motsa mini. Takardar da na je nema a Alƙahira ban taɓa samunta ba. Abin da na biya ke nan, kuma da za a mayar da ni bayan ɗakin bautar nan a sake tambayata, abin da na zaɓa shi zan sake zaɓa. Mota na tsayawa, Baba ya sa ƙafa ɗaya ciki, sai ya juyo ya ce idan ruwa ya ɗauke in zo da Kawu mu duba masa zaurensa.

Mun rufa zauren Baba a ranin da ya biyo, ya fi na Mandera tsawo da faɗi, muka yi masa taga a sama don haske ya sauka kan littafi. Ɗalibansa, magidanta da furfurarsu, su suka yi mana dakon bulo. Daga nan aiki ya buɗe. Na rufa ɗakunan ajiyar albasa a ƙauyukan Bodinga da na Shagari, na rufa azuzuwa da ƙananan masallatai, na koya wa magina da yawa waɗanda yanzu wasunsu sun fi ni hannu. Da wannan aikin na ciyar da ku na sa ku makaranta, har Hadiza da ta yi kuka ta zama abin da ta zama.

Ranar da aka buɗe zauren malamai sun zo daga Bodinga da Shagari don yin addu'a. Ni ina can baya wajen takalma, inda ya dace da magini. Wani babban malami da ya zo daga birni ya ɗaga kai ya ƙare wa rufin kallo, ya tambayi Baba daga wace ƙasa ya ɗauko masu ginin. Kun san halin mutanenmu, uba ba ya yabon ɗansa na fari a gaban jama'a, ko sunansa ba ya son kamawa. Na ɗauka Baba ba zai amsa ba. Sai ya miƙa hannu ta saman kawunan mutane ya nuna ni.

"Ɗana na," ya ce. "Umaru. Shi yag gina shi. Ku buɗa mai hanya shi matso gaba."

Mutane suka dare, na bi ta tsakiyarsu da laka a ƙafar wandona, na zauna a damansa, aka ɗaga hannu aka fara addu'a.